Shekarar da Aka Sa Babanku Ƙarƙashin Horo

Dauda, Hannatu, kun san mun bar Manchester mun koma Birmingham, kun kuma san babanku bai sake tsayawa gaban jama'a ya buɗe Littafi Mai Tsarki ba har ya koma ga Ubangiji. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi. A lokacin kai Dauda hankalinka na kan jarrabawa, ke kuma Hannatu ba ki cika goma ba, mu kuwa muka zaɓi yin shiru. Shirun nan ne ya ba wasu fili suka cika shi da abin da suka ga dama. Yanzu ƙafafuna sun yi nauyi, ido ma ya fara gajiya, gara ku ji daga bakina tun ina iyawa.

Babanku Yohanna direban bas ne, Stockport Road ce hanyarsa, amma a ikkilisiyarmu ta masu jin Hausa da ke Longsight, Malam ake kiransa. Ba mu da ginin kanmu. Wani tsohon coci na Turawa ne ke ba mu aron zaure da yammacin Lahadi, bayan tsofaffinsu sun gama sun tafi. Mukan shiga mu tarar ƙanshin shayinsu bai gama fita ba, mu jera kujeru, mu kafa gangarmu. Mutanen Kaduna ne da Filato da Bauci, kowa da yaren gidansu, Hausa ce ta haɗa mu. Babanku ke jagorantar nazarin Littafi ranar Laraba, don ya riƙe aikin da kyau ne kuma ya shiga wata makarantar tauhidi a Birmingham, yana zuwa duk Asabar. Ikkilisiya ma sai da ta ɗora masa hannu ta yi addu'a ranar da ya fara. Amininsa Bitrus, dattijon ikkilisiya, shi ke kai shi tashar jirgin ƙasa da motarsa. Ƙauyenmu ɗaya mu uku. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, shi ne kuma abokin ango a aurenmu.

Daga makarantar nan yakan dawo da labarin mutanen da yake kira ubannin ikkilisiya, wato malaman da suka rayu a ƙarnonin farko bayan manzanni. Ina tuƙa tuwo yana tsaye bakin ƙofar kicin yana zuba, ni kuwa da kunne ɗaya nake ji.

"Maman Dauda, ashe da yawansu 'yan Afirka ne. Wasu na Masar, wasu na can arewa bakin teku. Kuma gardama suke kan ayoyi kamar za su ci juna."

"To Allah ya ba su haƙuri. Miƙo min murfin nan."

Wata safiya ina wurin aiki a gidan kula da tsofaffi, ina ba wata tsohuwa karin kumallo, wayata ta yi ta motsi cikin aljihu. Yayata Asabe ce daga gida. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyenmu da asuba. Sun kashe ƙanena Iliya da matarsa da jaririnsu da ba a yaye ba. Mahaifiyar Bitrus kuwa a ɗaki aka ƙone ta, tare da 'ya'yan ƙanwarsa. Kafin rana ta faɗi an binne su rami ɗaya, ba wanda ya jira mu, ba kuma yadda za a yi a jira. Na ƙarasa ba tsohuwar abincinta, na goge mata baki, sannan na shiga banɗaki na zauna a ƙasa. Iliya ni na goya shi. Har yau in na rufe ido ba fuskarsa ta girma nake gani ba, ƙafafunsa nake ji suna dukan kwankwasona.

Lahadin da ta biyo, ba a kaɗa ganga ba. Fasto Ayuba ya buɗe Zabura, ya karanta wadda mutanen da aka kai bauta suka rera a baƙuwar ƙasa, wadda ta ƙare da sa albarka ga duk wanda zai kama jariran maƙiyansu ya fyaɗa a kan dutse. Ya haɗa da labarin yaƙe-yaƙen shiga ƙasar alkawari, inda aka ce kada a bar mai numfashi. Ya ce Allah bai sake ba, Maganarsa kuma ba ta tsufa. Da ya gama, zauren ya amsa da amin, ni ma na amsa da dukan zuciyata, ban kuma ji kunyar hakan ba. Sai Bitrus ya miƙe ya ce taimakon da za a aika gida a wannan karon ba na hatsi da kwanon rufi kaɗai ba ne. Ya ce samarinmu na can sun gaji da binne mutane, sun kuma san rugar da maharan suka bi ta ciki. Bai ƙara ba, ba wanda kuma ya nemi ya ƙara. Kowa ya gane.

A teburin abinci ran nan ne ke Hannatu kika ajiye cokali kika tambayi babanki, rabi da Turanci rabi da Hausa yadda kika saba, ko jariran da ke cikin zaburar nan irin jaririn Kawu Iliya ne, ko kuma Allah yana jin daɗi in aka yi musu haka.  Babanki ya ce ki gama cin abincinki. Da kuka hau sama, ya biyo ni kicin.

"Ba zan iya barin wannan ya wuce ba, Rifkatu."

"Wanne?"

"Abin da aka karanta yau, da yadda aka karanta shi. Masu bi na farko sun sha fama da wannan zaburar kafin mu, kuma su ma ana kashe su lokacin. Akwai wani malami a Iskandariya ta Masar, an sare kan mahaifinsa saboda bangaskiya yana saurayi. Shi da waɗanda suka bi sawunsa cewa suka yi jariran nan mugayen tunani ne tun suna ƙanana a zuciya, dutsen kuwa Almasihu ne. Ka kama ƙiyayya tun ba ta yi haƙori ba ka fyaɗa ta a kansa."

Na ajiye tukunyar da nake wankewa. Na ce masa waɗanda suka shiga ɗakin Iliya ba tunani ba ne, mutane ne masu hannu da ƙafa, kuma suna nan suna cin abinci yanzu haka. Na ce malaminsa na Masar ya mutu tun tuni, ni kuwa ƙanena ko sati bai yi a ƙasa ba. Na roƙe shi, in ma gaskiya gare shi, ya bari ciwon ya ɗan yi ɓawo.

"In na jira, abin da za a aika ya riga ya isa," in ji shi. "A rugar nan ma akwai masu goyo."

Ranar Laraba zauren ya cika fiye da kullum, don mutane ba sa son zama su kaɗai a gida. Babanku ya fara a hankali. Ya ce tun farkon ikkilisiya waɗannan ayoyi suke damun masu bi. Ya ba da labarin wani attajiri mai jiragen ruwa da ya ce a yar da Tsohon Alkawari ɗungum, wai Allahn da ke cikinsa ba shi ne Uban Yesu ba, ikkilisiya kuwa ta ƙi, ta ce Littafi ɗaya ne, Allah ɗaya ne. Amma da ta ƙi yar da shi, dole ta koyi yadda za ta karanta shi. Malaman Iskandariya suka ce a nemi ma'anar ruhaniya a ƙarƙashin kalmomin. Na Antakiya suka ce waɗancan sun wuce gona da iri, suna mai da komai misali, alhali tarihi ne ya faru da gaske. Ya ce shi dai a cikin abin da ya karanta, bai ga inda ɗayansu ya ɗauki zaburar nan a matsayin umarni ga mai bin Almasihu ba. Ya ƙara da wani bishop na arewacin Afirka da ya koyar da cewa duk fassarar da ba ta ƙara maka ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, to ba ka gane ayar ba tukuna.

Bitrus ya bari sai da ya kai aya. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, Littafi ya ce jarirai, kai ka ce tunani. Wa zan bi, Allah ko kai?"

"Ba ni na faɗa ba, ɗan'uwa. Waɗanda suka riga mu ne."

"Mutane ne su ma. In yau jariri ba jariri ba ne, gobe wani zai zo ya ce kabarin Yesu da aka tarar ba kowa ciki shi ma misali ne. A ina za ka tsaya? Wa zai tsayar da kai?"

Tambaya ce mai nauyi, na ga ta shigi babanku. Ya ce wa Bitrus ai shi ma ya karanta inda aka ce wanda idonsa ke sa shi tuntuɓe ya ƙwaƙule shi, ga shi kuwa zaune da idanunsa biyu. Ya ce ba wanda ba ya fassara, bambancin kawai wani ya san yana yi, wani bai sani ba. Da a nan aka tsaya, wataƙila da an wuce wurin. Amma wata mata ta tambaya wa ya ba waɗannan ubanni iko su faɗi ma'anar Maganar Allah, babanku kuwa mutum ne da ba ya iya rage gaskiya don ta shiga aljihu. Ya ce su ne dai mutanen da suka yi ta muhawara tsara bayan tsara kan waɗanne littattafai ne hurarru, har ikkilisiyoyi suka daidaita kan jerin da ke hannunmu. Ya ce Littafi bai faɗo daga sama da bango da lambar shafi ba, Ruhu ne ya bi da masu bi suka gane shi, don haka bai dace mu karɓi jerin daga hannunsu mu ƙi jin yadda suka karanta shi ba.

Wani ya ɗauki maganar a waya. Abin da aka yanko aka yi ta turawa shi ne wurin da ya ce Littafi bai faɗo daga sama ba, ba gaba ba baya. Kafin Lahadi ya isa gida Nijeriya, ya isa wayar Asabe.

Dattawa suka zauna. Fasto Ayuba da kansa ya zo gidanmu, ba kuma da mugunta ya zo ba, na shaida masa wannan. Ya sha ruwa, ya yi mana gaisuwar Iliya, sannan ya ce abu ɗaya ake nema: Malam ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, Littafi yana nufin abin da ya faɗa, shi ke nan a rufe maganar. Babanku ya ce zai nemi gafara a kan lokacin da ya yi maganar, don ya taka mutane a kan ɗanyen ciwo, zai kuma durƙusa wa Bitrus in ana so. Amma ba zai ce abin da ya koyar ƙarya ne ba.

"Tumakin nan a warwatse suke, Malam," in ji Fasto. "Abu ɗaya ya rage musu da ba ya motsi, kai kuma ka zo kana girgiza shi."

"Ba girgiza shi nake ba, Fasto. So nake kada a mai da shi adda."

Ranar Lahadi aka karanta hukuncin: an sa Malam Yohanna ƙarƙashin horo saboda karkatacciyar koyarwa, ba zai koyar ba, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, sai ya tuba a fili. Bitrus ne ya karanta, muryarsa ba ta yi rawa ba. Aka ba babanku dama ya yi magana. Ya miƙe ya ce ya gaskata Littafin nan tun daga farkonsa har ƙarshensa, a kansa yake so ya mutu, amma ba zai gaya wa 'yarsa cewa Allah yana murna da jaririn da aka fyaɗa ba, ko ɗan wane ne. Ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa.

Ina zaune cikin zumuntar mata, dukanmu da zane iri ɗaya. Matan nan su suka kwana suna dafa min abinci da aka kashe Iliya, su suka riƙe ki, Hannatu, lokacin da nake aikin dare kina jaririya. Matar Bitrus, Talatu, ta kama wuyan hannuna.

"Zauna, Maman Dauda. Ke ma an kashe miki."

Gaskiya ta faɗa. A zuciyata a ranar, ina tare da mijinta, ba da nawa ba. Amma na waiga na hango babanku a bakin ƙofa yana ta fama da zif ɗin rigar sanyinsa, hannunsa ya kasa kama shi, ga mutane cike da zaure ba mai kallonsa. Na zare hannuna daga na Talatu, na kama naki, na yafito Dauda. Muka cim ma babanku a waje ana yayyafi, muka kama hanyar gida.

"Kada ka ɗauka na yarda da kai," na ce masa.

"Na sani."

Abin da aka tara an aika da shi. Ban san abin da aka yi da shi ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na dai san an ci gaba da binne mutane a ɓangarorin biyu.

Ba wanda ya zage mu a Longsight. Wayar ce kawai ta daina ƙara. In na shiga kasuwa na hango matan zumunta wajen mai doya, sai kowace ta sami abin dubawa cikin jakarta. Kai Dauda abokanka na ikkilisiya suka daina zuwa ƙwallo da kai, ka ce mana ba komai, amma na ga takalman ƙwallonka sun daɗe a bayan ƙofa. Asabe ta kira ni sau ɗaya ta ce mijina ya sayar da jinin Iliya da karatun Turawa, in ina tare da shi to ba ta da ƙanwa. Na yi ta kiranta shekara da shekaru ba ta ɗauka. Labarin mutuwarta a bakin wata 'yar ƙauyenmu na ji, bayan an yi sati da binne ta.

Kafin shekarar ta ƙare muka tattara muka koma Birmingham, inda ya sami aikin bas. Gidan da muka iya kamawa a Small Heath yake, tsakanin masallatai da mahauta, kun san shi. Maƙwabcinmu Alhaji Sani mutumin Kano ne, sukan tsaya da babanku a bakin ƙofa su yi hira da Hausa, don duk wanda ya daɗe a ƙasar nan ya san yunwar harshe. Wani ɗan Manchester da ya zo sayayya ya gan su, ya koma ya ce Yohanna ya musulunta, shi ya sa ya koma cikinsu. Daga nan maganar ta samo tushe. Gaskiyar ita ce wani ƙaramin coci muka samu na tsofaffin Turawa da 'yan Jamaika, yana zama a layin baya, bayan sujada ya wanke kofunan shayi. Sun nemi ya riƙa koyarwa da suka gane ya yi karatu, ya ce a'a, ikkilisiyarsa ta sa shi ƙarƙashin horo kuma ba ta ɗage ba. Jibi ma bai ci ba. In an zo raba gurasa da ruwan inabin sai ya naɗe hannuwansa ya sunkuyar da kai. Na yi masa faɗa a kan wannan, na ce waɗanda suka kore shi ba su da iko da shi a nan. Ya ce shi da ya tsaya a kan cewa ikkilisiya tana da bakin magana, ba zai toshe kunne ba don ta yi magana a kansa. Kowace safiya kafin ya fita aiki yakan karanta sura ɗaya a tsaye, da kayan aikinsa a jiki.

Kuna manya lokacin da ciwon shanyewar jiki ya kama shi, kun ga yadda ya ɗauke masa magana. Amma ba ku nan ranar da Fasto Ayuba ya zo asibiti. Ya tsufa shi ma, da sanda ya shigo. Ya yi addu'a, ya riƙe hannun babanku, sannan ya ja ni waje.

"Maman Dauda, ba na so ya tafi a haka. Shi ba ya iya magana, amma ke matarsa ce. Ki ce mana ya tuba kafin ciwon ya same shi, ko a gida ne, ko a gabanki ke kaɗai. Kalmarki ta isa. Mu ɗage horon, in lokaci ya yi mu zo da mawaƙa da zumuntar mata, a yi masa yadda ake yi wa namu."

Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan ba. Na so in ji gangar nan a kansa, na so in ga matan nan da zanensu sun kewaye ni. Na leƙa ta gilashin ƙofa, idonsa a buɗe yana kallon silin. Mutumin da ya yi shekaru yana naɗe hannu ana wucewa da gurasa ta gabansa don kada ya faɗi abin da bai gaskata ba, yau ni zan faɗa a madadinsa don bakinsa ya mutu.

"Bai tuba ba, Fasto," na ce. "In za ku ɗage, ku ɗage a haka."

Ya ce ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, zai kai wa dattawa. Ba mu sake jin komai ba.

Ranar jana'iza kun ga waɗanda suka zo: tsofaffin cocinmu, direbobi abokan aikinsa, da Alhaji Sani tsaye can gefe da 'ya'yansa. Aka yi waƙoƙi da Turanci. Ni kaɗai na yi masa ɗaya da Hausa, muryata ta tsinke a tsakiya, ba kuma wanda ya san baitin da zai kama min. Da aka fara watsewa kuka tafi wajen motoci, na tsaya. Sai na ga wani tsoho da baƙar riga yana tahowa tsakanin kaburbura a hankali, yana jan ƙafa ɗaya. Sai da ya matso na gane Bitrus ne. Shi kaɗai ya zo, bai kuma gaya wa kowa a Manchester ba. Ya tsaya bakin ramin ya daɗe yana kallon akwatin. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗebi ƙasa da hannu ya zuba.

"Har yanzu ban yarda da shi ba, Maman Dauda," in ji shi.

"Ni ma ban gama yarda ba, Dattijo."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni ko ya sha wahala, na ce ya sha. Na ce ya zo gida ya ci abinci, ya ce jirginsa na ƙarfe huɗu ne. Na raka shi har bakin maƙabarta, na riƙe masa hannu a inda ƙasa ta yi santsi, muka tsaya tare har bas ta zo.